Tankin ruwan sama ko burtsatse? Muhawara kan ruwan da ke wuce mu a damina

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen masu ilmin ruwa da manoma. Ƙungiyar ci gaban garinmu, can arewacin Yobe dab da iyakar Nijar, ta tara ɗan abin da ta tara, kuma kan mutane ya rabu. Matasa sun ce a haƙa burtsatse mai sola kamar yadda kowa ke yi. Mu kaɗan mun ce a gina tankin tara ruwan sama a makarantar firamare, tunda rufin kwano ne, kuma duk damina ruwan zuba yake yi yana cinye gindin ginin. Burtsatse biyu aka taɓa yi mana, ɗaya ta ƙafe, ɗaya famfon ya lalace an rasa mai gyara. Wanne ya fi?

Injiniya Mai Tef: Wa'alaikumus salam Baba. Mu fara da lissafi kafin mu shiga son rai. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan cif. A ce ginin aji uku ne, tsawon mita 25, faɗin mita 8, rufin ya zama murabba'in mita 200. Yankinku mu ɗauka ana samun milimita 400 a shekara. Lita 80,000 ke nan ke sauka a kan kwanon. Cire kashi ɗaya cikin biyar na wanda zai fantsame, da na farko da za a zubar, saura 64,000. Jarka mai lita 25 guda 2,560.

In yara 300 ne, kowa ya sha lita 2 a rana, zai kai su wata uku da rabi. Amma in gari ne mai mutum 2,000, kowa lita 20, ko kwana biyu ba zai yi ba. Saboda haka kada a yaudari mutane. Tankin makaranta na makaranta ne, ba zai shayar da gari ba.

Ɗan Birni: To ka gani. An gama magana. Ku haƙa burtsatse Baba, ku bar wannan tarar ruwan indararo, ai kakanninmu sun yi da randa da baho ba su tsira daga ƙishirwa ba.

Injiniya Mai Tef: Ban ce an gama ba. Na ce rufi ƙarami ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Ninka da 400 ɗin nan, lita miliyan 4 ke sauka a kan gona guda a shekarar da ake kukan ƙarancin ruwa. Abin tambaya shi ne ina yake zuwa.

Manomin Illela: Madalla da Injiniya, ka zo inda nake jira. Ni daga jihar Tawa ta Nijar nake, kuma ruwanmu bai fi naku ba Baban Ummi, wata shekarar ma bai kai ba. Inda yake zuwa na sani, don da idona nake gani. In ƙasa ta zama fako, ta daskare ta yi sulɓi, ruwa ba ya shiga. Hadari ya taso a yi minti arba'in ana tsugawa, ka fita ka tarar duk ya bi kori ya tafi, ya kwashe ɗan takin da ke sama. Ka sa fartanya ka tona, yatsa biyu ka iske ƙasa busassa.

Abin da ya cece mu tassa ce. Tun da rani, bayan an gama girbi, ake haƙa ramuka jere a kan fakon, faɗin kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfin bai kai haka ba, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da ka fidda ka tara ta a bakin ramin ta gefen gangare, don ta tare ruwan da ke saukowa. Sai ka zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami ka bar shi. Iskar bazara ta zubo masa yayi da ƙura. Gara ta ji ƙanshin taki ta zo, ita ce ke huda ƙasar ta yi mata hanyoyi har can ƙasa. Ruwan farko in ya sauka, ramin ya cika ya tsaya ya nutse. A nan ake shuka hatsi. In ruwa ya ɗauke sati biyu cikin damina, gonar maƙwabcinka ta yi yaushi, taka tana nan kore.

Ba mu muka ƙirƙiro ta yadda take yanzu ba. A 1989 aka kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso suka ga yadda Mosawa ke yin nasu, wanda suke kira zai, suka dawo suka gwada. Kafin a jima mutane sun fara sayen fako da kuɗi, filin da a da ko kyauta aka ba ka sai ka ce an raina ka.

Ɗalibar Jami'a: Baba Manomi, Yatengar nan ita ce ƙasar Yacouba Sawadogo ko? Mun yi shi a aji. Shi ne ya faɗaɗa ramukan ya riƙa zuba taki tun da rani bayan farin shekarun 1970 da 1980, mutane na masa kallon mai taɓin hankali, har ya mayar da fako daji mai itatuwa iri-iri kusa da Wahiguya. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ya rasu a Disambar 2023.

Manomin Illela: Shi ne ɗiyata. Allah ya jiƙansa.

Ɗan Birni: Allah ya jiƙansa, amma mu faɗi gaskiya. Rami nawa ne a hekta?

Manomin Illela: Wajen dubu goma, ya danganta da tazarar da ka bari.

Ɗan Birni: Dubu goma! Da hannu, a kan ƙasa mai tauri, cikin zafin Maris da Afrilu. Wannan fa shi ne abin da ke ba ni haushi. Duk lokacin da aka zo maganar talakan Sahel sai a ce ya ɗauki diga. Libiya kusan duk hamada ce, Gaddafi ya ja ruwa da manyan bututu daga ƙarƙashin Sahara har Tarabulus da Bengazi, aikin da aka soma a 1984. Mu kuma ana yaba mana haƙa rami. Abin da muke buƙata manyan madatsun ruwa ne da gwamnati mai zuciya.

Injiniya Mai Tef: Wahalar da ka faɗa gaskiya ce, ba na musu. Ana ƙiyasta tassa na cin awa 300 ko fiye na aikin mutum a hekta ɗaya, kuma wanda ba shi da dabba ko amalanke, takin ma matsala ne. Amma ruwan Libiya tsohon ruwa ne da ya taru shekaru dubbai da suka wuce lokacin da Sahara ke da dausayi. Kusan babu abin da ke komawa ciki yanzu. Kwasa ake yi kawai, da kuɗin mai. Kuma burtsatsen da kake cewa a haƙa, in ta sama-sama ce, ruwan saman nan da ya nutse take zuƙa. In bai nutse ba, me za ta zuƙo? Wataƙila abin da ya sami ta Baban Ummi ta farko ke nan.

Masuncin Nguru: Ɗan Birni, Allah ya ba ka haƙuri, maganar dam ka bar mu mu yi ta, mu da ke ƙasan ruwa. An gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha, Kadawa ta samu noman rani, ba mu yi baƙin ciki ba. Amma fadamar Haɗeja da Nguru da ambaliyar damina take rayuwa. Ruwa ya malala wata biyu uku ya janye, a kama kifi, a shuka shinkafa, a bi da wake da alkama a kan laima, Fulani su shigo da shanu. Da aka riƙe ruwan ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake son ruwa babu, inda ba a so ya kwanta shekara guda. Tsuntsayen jan baki kuma a cikinta suke kwana su wayi gari a gonar mutane. Mutanen Gashuwa da Geidam da ke can gaba su ma ka tambaye su yadda kogin Yobe ya koma.

Maman Fanna: Mu kuma a Maiduguri mun ga ɗaya fuskar. Ranar 10 ga Satumban 2024 da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ba sai na ba ku labari ba, kun gani a waya. An taɓa yi a 1994. Ni ban ce kada a yi dam ba, da ruwan Alau ɗin muke sha. Cewa nake gina abu daban, kula da shi daban. Kuma abin da ya fi ci mini rai a wancan lokacin, ruwa har wuya a titi, amma na sha sai an kawo a tanka.

Ɗan Birni: Allah ya kiyaye gaba Hajiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma wannan laifin rashin kula ne, ba laifin dam ba.

Maman Fanna: Amin. To ai shi ne nake faɗa maka ɗana. Tankin Baban Ummi ma in ba a kula ba haka zai lalace, sai dai shi in ya tsage ba ya cin gari.

Batakari a Sudan: Salamu alaikum 'yan uwa, ina karantawa daga nesa. A nan abin da aka sani shi ne hafir, wato babban tafki da ake haƙawa a inda ƙasa ke da laka, a jawo masa ruwan kwari da damina. Gari da dabbobinsa su sha har cikin rani. Matsalarsa biyu: rana da laka. A irin ƙasashenmu rana da iska na iya shanye zurfin mita 2 ko fiye na buɗaɗɗen ruwa a shekara, shi ya sa hafir mai zurfi da ƙaramin baki ya fi mai faɗi. Laka kuma kowace damina sai ta shigo, in ba a yashe ba ya cike.

Wani abin da zai ba ku sha'awa, a yammacin Kordofan, ƙasar Hamar, kuka suke mayarwa tanki. Tabaldi suke ce mata. A rarake cikin itacen ta sama, a share gindinta a yi ɗan kwari yadda ruwa zai taru, in an yi ruwa mutum ya hau da guga yana ja yana zubawa ciki, a rufe bakin. Itacen ba ya mutuwa, ruwan kuma ya yi watanni da sanyinsa. Kowace kuka da gidan da ya mallake ta, ana gadonta, wasu har suna gare su.

Ɗalibar Jami'a: Ikon Allah. Mu nan miya kawai muka sani.

Injiniya Mai Tef: Maganar rana da ɗan'uwanmu na Sudan ya kawo ita ce dalilin da ya sa nake fifita a ɓoye ruwa cikin ƙasa a kan a shanya shi. A Kenya, yankunan Machakos da Kitui, suna gina katangar siminti a kan dutsen da ke ƙasan busasshiyar korama. Damina biyu uku yashi ya cika bayan katangar. Ruwa ya zauna a tsakanin ƙwayoyin yashin, rana ba ta kai masa sosai, sauro ba ya samun wurin ƙwai. Da rani a tona ko a sa famfon hannu. Duk wanda ya taɓa ganin mata na tonon yashi a tsakiyar rafi da ƙwarya ya san abin, katangar ce kawai ƙari. Sharaɗinsa a sami dutse ko laka mai ƙarfi a ƙasa, kuma korama mai kawo yashi mai gwari-gwari. Inda rairayin tudu ne mai zurfi, irin na wasu sassan arewacin Yobe, ba lallai ya yi ba. Baba, akwai korama kusa da ku?

Baban Ummi: Babu korama ta sosai Injiniya. Akwai kwari a gabas da gari inda ruwa ke kwanciya, yara na wanka, zuwa Nuwamba ya ƙafe. Tsohuwar rijiyar gari ma a bakinsa take.

Manomin Illela: To ai kakanninku sun riga sun nuna muku wurin. Ba banza suka gina rijiya a nan ba. Ku duba tudun da ke zubo wa kwarin ruwa. In fako ne, a yi masa rabin wata: a zana da igiya da turke, bakin na kallon tudu, a haƙe cikin a tara ƙasar a baya, jere na biyu ya toshe tsakanin na farko kamar ɓawon kifi. In akwai duwatsu a jera su a kan layin da ya daidaita, ruwa ya rage gudu. A Keita, nan jiharmu ta Tawa, aikin da Italiya ta ɗauki nauyi tun 1984, haka aka bi tuddai da koramu, kuma mata ne suka yi mafi yawan ɗaukar dutsen, ana biyansu da abinci. A wajenmu akwai gari Batodi, bayan shekaru ana tassa da rabin wata ruwan rijiyoyinsu ya ɗago har mata suka fara lambu da rani.

Jikan Arɗo: Na yi shiru ina ji, amma bari in sa baki. Fakon da kuke cewa ba na kowa ba ne, ba shi da amfani, nan muke bi da dabbobi, nan suke kwana da damina lokacin da ko'ina shuka ce. Ranar da aka haƙa masa rami aka zuba hatsi ya zama gonar wani. Shekara ta zagayo ka zo ka tarar burtali ya tsuke, mashaya an kewaye ta da ƙaya. Kuma takin da ake zubawa a ramin daga ina ya fito? Ban ƙi gyaran ƙasa ba, ciyawar da rabin wata ke fiddawa mu ma muna so. Amma a zauna da mu kafin a kafa turke, ba bayan an yi faɗa ba.

Manomin Illela: Gaskiyarka ɗan'uwa, kuma ya faru. Inda aka yi da hankali, an ware na kiwo daban, a shuka ciyawa da itace a hana shiga shekara biyu uku, sannan a buɗe. Inda aka yi son kai, har gaban sarki.

Malam Na Zaure: Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya cikin abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Malamai sun bambance ruwan da ke kwance a tafki ko kwari, wanda ba a hana mai ƙishirwa ko dabbarsa, da wanda mutum ya ɗiba ya adana a mazubinsa. Baban Ummi, ku rubuta wannan tun yanzu a gaban mai gari da limami: na kwari na kowa ne, na tanki ga waɗanda aka yi dominsu.

Ɗalibar Jami'a: Allah ya gafarta Malam, abin da aka yi a Indiya ke nan. A gundumar Alwar ta jihar Rajasthan, Rajendra Singh da ƙungiyarsa sun fara farfaɗo da johad a 1985, ƙananan madatsun ƙasa masu siffar rabin wata da ke tare ruwa ya nutse. Da suka yi yawa, kogin Arvari da ya daɗe a bushe ya dawo yana gudu. Abin da ya fi burge ni ba kogin ba ne. Da ruwa ya dawo sai rigima ta taso kan wa ke da shi, har ƙauyukan bakin kogin suka kafa majalisarsu, suka sa wa kansu dokoki, ciki har da taƙaita shuka mai shan ruwa da yawa irin rake. An ba Rajendra Singh kyautar ruwa ta Stockholm a 2015.

Ɗan Birni: Kun taru a kaina. To na ji na gona da na kwari. Amma ruwan rufi fa, wa zai sha? Kashin tsuntsu, ƙadangare, ƙurar hunturu ta wata shida.

Nas Hauwa: Wannan tambayar ta fi duk waɗanda ka yi. Ruwan farko na damina ba a tara shi, a bar shi ya wanke kwanon, kuma ko a sauran ruwan a zubar da na mintunan farko. A sa raga a bakin bututu. Tankin ya kasance a rufe ruf, ba haske ba sauro, in ba haka ba gansakuka da zazzaɓi za ku tara. Ɗiba ta famfo, kada a zura guga. A wanke cikinsa sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka. Na yara kuma a sa masa kulorin ko a tafasa.

Wanda ya fi damuna kwarin da yara ke wanka ne. Baba, in ka ga yaro na fitsarin jini, tsargiya ce, daga dodon koɗin irin wannan ruwan take. In za ku zurfafa kwarin, ku sa mutane su riƙa ɗiba daga rijiyar gefe, ƙasa ta tace musu, dabbobi kuma a yi musu kwami nesa kaɗan.

Injiniya Mai Tef: Kuma ba ƙaramin abu ba ne a duniya, Ɗan Birni. A arewa maso gabashin Brazil an gina wa gidaje ɗaruruwan dubbai tankin siminti mai lita 16,000, na sha da girki kawai, ya kai iyali ƙarshen rani. A lardin Gansu na Sin gwamnati ta fara shiri a 1995, kowane gida a yi masa dandamalin tara ruwa ɗaya, rijiyar ajiya biyu, da ɗan fili na shuka. Gwamnati mai zuciyar da kake nema, irin aikin da ta yi ke nan a can.

Baba, shawarata: kada ku zuba kuɗin duka wuri ɗaya. Ku fara kiran mai gyara ya duba burtsatsen da famfonta ya lalace, sau da yawa abin bai kai kuɗin sabuwa ba. Ku yi tanki matsakaici a makaranta, ba sai mai cin 64,000 ba, tunda ana sha ana ƙaruwa cikin damina. Aikin tudu da kwari kuma na gayya ne, diga da shebur da abinci.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Zan karanta musu wannan duka ranar Juma'a bayan an sauko. Jikan Arɗo, akwai rugage biyu a arewa da mu, za a aika musu. Injiniya, gobe zan sa a auna rufin in turo maka. Na siminti ya fi ko baƙin na roba?

Injiniya Mai Tef: Na roba ya fi saurin kafawa, amma manyansa tsada, kuma in ba inuwa ruwan zafi yake yi, robar ma rana na cinta. Na siminti rabi a binne ya fi sanyi da daɗewa, in an sami magini da ya iya, aka kuma yi ta ba shi ruwa sati biyu zuwa uku bayan shafe. Kada a bar shi ya bushe ƙaf da rani, tsagewa yake. Turo awon tukuna, har da tsayin ginin daga ƙasa zuwa bakin kwano.

Maman Fanna: Makullin famfon kuma a ba mata biyu su riƙe tare da hedimasta. In kuka bar shi hannun mutum ɗaya, ranar bikin gidansu za a kwashe na wata guda.

Ɗan Birni: Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan dam. Amma Baba Manomi, gonar tsohonmu a Ɓaɓura akwai wani gefe da ya daina ba da komai. Takin shanu ake sawa a ramin ko na awaki ma ya yi?

Manomin Illela: Na awaki ya fi ma, in ya ruɓe. Ɗanye kar ka sa dab da shuka, ƙone tsiron yake yi. Ka fara da rami ɗari biyu bana ka gani.